Darasi: Yadda Ake Gane Tukwanen Tsohuwar Abuja

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga kwano nan a gabana, ga kuma ɗan tulu. Kowa ya ɗauko tocilarsa, kuma a shimfiɗa tawul kafin a kifa komai.

Abujar da nake nufi ba babban birnin tarayya ba ce. Tsohuwar Abuja ce, wadda yau ake kira Suleja a jihar Neja. Can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da sana'ar a farkon shekarun 1950. A gidan Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya ga tukwanen wata mata 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, aikin ya burge shi. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ladi Kwali ke nan, wadda kuke gani a bayan takardar naira 20.

To, mu kifa kwanon. A hankali. Galibi hatimi biyu za ku nema, kuma danna su aka yi cikin yumɓu tun yana ɗanye, ba fenti ba ne. Na farko na cibiyar ne: sunan Abuja da haruffan Larabci. Na biyu na wanda ya gina ne. Ladi tana sa LK, Cardew kuma M da C a haɗe. Idan babu a gindi, ku duba gefe, can ƙasa.

A nan nake so mu tsaya sosai. Ruwan ƙyallin da ake shafa wa tukunya kafin a gasa ta yakan kwarara ya cike hatimin, sai ka ga kamar ɗan rami ne kawai. Kada ka haska shi kai tsaye, hasken zai dawo maka ido. Kwantar da tocilar a gefe, kusan daidai da jikin kwanon, inuwa ta faɗa cikin ramin. Kun gani? A'a, ku dakata, a juye na riƙe shi. Yauwa. Yanzu ga alif a dama, ka karanto zuwa hagu. Mutane da yawa suna kallonsa a juye su ce wani zane ne kawai. Kuma don Allah kada a sa allura ko wuƙa wai za a tono shi. Ni yatsa nake bi da shi, wani lokaci yatsa ya fi ido gani.

Amma hatimi kaɗai ba ya isa, tunda ana iya kwaikwayonsa. Ɗaga kayan ka ji. Yana da nauyi, domin an gasa shi da wutar itace mai zafin da ya haura digiri 1200. Ƙwanƙwasa shi da farce, zai yi ƙara garau. Shi ya sa tulunan Ladi masu ƙyalli ba sa sanyaya ruwa kamar na gargajiya, ba sa zufa, sai suka zama kayan ado.

Dubi tulun nan kuma. Manyan tulunanta da hannu take gina su, tana zagaya tukunyar, ba a kan faifan juyawa ba. Sai ta tsaga zane da tsinin wuƙa: ƙadangare, kunama, kifi, kada, hawainiya. Duba jelar ƙadangaren nan, layi ɗaya aka ja ba a ɗaga hannu ba. Mai kwaikwayo hannunsa rawa yake yi, sai ka ga ya tsaya ya sake.

Kada kuma ku raina kwano don ba LK a jikinsa. Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa da Danlami Aliyu duk sun yi aiki a wurin, kowa da alamarsa. Ni kam ina matuƙar son aikinsu, kuma ina da 'yan kaɗan, mai so ya yi min magana bayan shirin.

Cardew ya bar cibiyar a 1965, Michael O'Brien ya karɓa, Ladi kuma ta rasu a 1984 a Minna. Saboda haka hatimin Abuja ba ya nufin lallai zamanin Cardew ne. Wanda yake da kwano ya ɗauko min hoton gindinsa da hasken gefe, a shiri na gaba sai mu duba tare.