Fodkas: Kyaftin Glover da Hausawan da suka je yaƙin Kumasi

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Bello, kuma Malam ne ya zo mana da labarin wani bature sojan ruwa. Malam bismillah.

Malam Sani: To Hadiza, sunansa John Hawley Glover, an haife shi a 1829, ya shiga sojan ruwan Ingila a 1841 yana yaro ɗan shekara 12, ya yi yaƙin Burma har aka ji masa rauni a 1853. Abin da ya kawo shi ƙasarmu shi ne tafiyar Likita Baikie ta kogin Kwara a 1857, jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse a kusa da Jebba ya lalace, suka maƙale a nan, shi kuma ya riƙa bi ta ƙasa yana zuwa Legas.

Bello: Malam ni fa inda nake jira ka zo shi ne maganar Hausawa, don tun muna makaranta muke jin wai daga su aka fara sojan Najeriya.

Malam Sani: Ai nan zan zo. A 1863 yana riƙe da mulkin Legas, sai ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa, akasari bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ba su kaki da bindiga. Har yau rundunar sojan Najeriya daga wannan shekarar take ƙirga tarihinta.

Hadiza: Ni wannan wajen ne yake taɓa min zuciya wallahi. Mutum an raba shi da garinsu, an sayar da shi, ba uwa ba uba, sai ga wani ya ce zo ka sa kaki babu mai sake kama ka. Waye zai ƙi?

Malam Sani: Babu. To a 1873 rikici ya ɓarke tsakanin Ingila da masarautar Asante da ke Gana ta yanzu lokacin sarki Kofi Karikari, Janar Wolseley ya nufi Kumasi babban birninsu daga bakin teku, shi kuma Glover aka ce ya biyo ta wajen kogin Volta da Hausawansa da mayaƙan sarakunan yankin. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairun 1874, aka banka wa garin wuta ya juya, Glover bai iso ba sai bayan kamar mako guda, ya tarar da toka, amma jin cewa ga wata runduna kuma ta ɓullo ta gabas yana cikin abin da ya sa sarkin ya yarda da sulhun Fomena, har da tarar zinariya oza 50,000.

Bello: To lambar yabon da aka ba waɗanda suka je yaƙin fa? Na ga hotonta, ta azurfa ce, gefe ɗaya kan Sarauniya Biktoriya, ɗaya gefen kuma ana gwabzawa a cikin kurmi, ƙyallenta rawaya da baƙin layi.

Malam Sani: Ita ce lambar yaƙin Asante da aka buga a 1874, wasu ma har da ɗan ƙarfe a jikin ƙyallen an rubuta sunan Kumasi. Glover kuma wannan yaƙi ya ɗaga shi sosai, majalisar Ingila ta yi masa godiya, ya zama Sir, aka kai shi gwamna a Newfoundland da ke Kanada ta yanzu a 1876, ya mutu a Landan a 1885. A Legas akwai zaure da titi masu sunansa. Amma ku ji wannan, a watan Janairun 1874 a wani gari Abogu an harbi wani samanja daga cikin Hausawan, a takardu an rubuta shi Braimah Doctor, wani hafsa Sartorius ya ɗauko shi ana ruwan harsashi, aka ba hafsan Victoria Cross, lambar da ta fi kowacce. Samanjan raunin ne ajalinsa.

Hadiza: Allah sarki. Kenan da ba don lambar baturen ba ko sunansa ma da ba mu ji ba.

Bello: Ni kuma abin da ke damuna daban ne Malam. Asante ba su yi wa mutanen nan komai ba, kuma wannan rundunar ce ta girma har ta shiga cikin wadda Lugga ya turo Kano da Sakkwato a 1903.

Malam Sani: Gaskiyarka Bello, kuma ba zan wanke Glover ba, don ba tausayi kaɗai ya sa ya ɗauke su ba, yana neman sojan da ba shi da dangi a bakin teku, wanda ba zai ji nauyin harbin ɗan gari ba. Su kuwa da yawansu ba su sake komawa Arewa ba, wasu suka zauna a Legas, wasu a Ankara ta Gana, a 1879 ma da irinsu aka kafa rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, suka yi aure suka hayayyafa a zango.

Hadiza: To 'yan uwanmu na zango a Gana, duk wanda kakanninsa suka bar masa irin wannan lamba ko labarinta ya turo mana, za mu karanta a shiri na gaba in sha Allah.