Miƙewa ko Lanƙwasa: Gardamar Malaman Golf kan Bugun Rami

Assalamu alaikum. Jama'a, ku ɗan matso, don abin da zan nuna sai an gani da ido. Wannan sanda da ke hannuna ita ce fota, wadda ake tura ƙwallo da ita idan an iso lallausar ciyawar da ramin yake. Faɗin ramin inci 4.25 ne kacal, amma a kansa malaman golf suka rabu gida biyu.

Gida na farko na Dave Pelz ne, Ba'amurken da ya yi aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta NASA kafin ya koma koyar da wasa. Ya ce a ja kan sanda baya a miƙe, a maido shi gaba a miƙe, fuskar sanda na kallon layin ƙwallo tun daga farko har ƙarshe. Gida na biyu su Stan Utley ne, masu cewa a bar kan sanda ya ɗan lanƙwaso ciki, ya buɗe ya rufe kamar ƙyauren ɗaki.

To, ku duba nan. Na ajiye kan sandar a ƙasa. Kun ga mariƙin bai tsaya cak ba, ya karkato wajena? Doka ce ta sa haka: dole ya karkata da aƙalla digiri 10. Duk abin da ke lilo a karkace kuwa, baka zai zana a ƙasa. Idan bugun gajere ne, bakan ba ya ganuwa, sai mutanen Pelz su ce ai ga ta nan. Idan mai nisa ne ya fito fili, sai mutanen Utley su yi ta murna. A ganina rabin gardamar ke nan, kowa inda ya tsaya yake kallo.

Ni kaina na taɓa yin ɓarna a nan. Wani ɗalibina ya zo da bugu mai lanƙwasa, ƙwallonsa na faɗawa rami lafiya lau, na dage sai ya miƙe shi saboda haka aka koya mini. Na shimfiɗa masa katako biyu yana bi ta tsakaninsu. Cikin wata biyu hannunsa ya fara rawa a bugun da nisansa ƙafa uku ne kacal. Da ƙyar muka maido shi gidan jiya.

Manyan 'yan wasa ma ba su taɓa zama iri ɗaya ba. Jack Nicklaus duƙawa yake sosai, kamar mai neman allura, yana tura ƙwallo da hannun dama. Ben Crenshaw, wanda ya ci gasar Masters a 1984 da 1995, dogon lilo yake yi a natse. Bernhard Langer kuwa rawar hannu ta sa ya yi ta sauya riƙo, amma ya ci gasar a 1985 da 1993. Wasu har jingina sanda suka yi a ciki ko a ƙirji, irin su Keegan Bradley a 2011 da Adam Scott a 2013, kafin hukumomin dokokin golf na USGA da R&A su hana jinginawa daga 1 ga Janairun 2016. Abin da ya haɗa su duka shi ne inda fuskar sanda ke kallo lokacin da ta taɓa ƙwallo, da kuma ƙarfin bugun. Fuskar ta fi hanyar da sanda ta bi tasiri nesa ba kusa ba, kuma Pelz da kansa haka ya auna.

Na'am, Malam, tambayarka kan ƙarfi? Pelz ya ce a buga yadda ƙwallo zai wuce ramin da inci 17 idan ya kuskure, don sawun ƙafafu a bakin rami kada su karkatar da shi. Ni ina bin wannan a hawa, amma a gangara mai santsi ina ragewa. Miƙo mini ƙwallo uku, mu gwada daga can.