Daskararren abin da bai daina juyi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka daga Grenoble ta ƙasar Faransa. Ku dubi kwalbar nan da ke hannuna. Jiya ruwa ne a ciki, saikloheksen, wanda muke narka sinadarai da shi. Ta kwana a ɗakin sanyi, ga shi ya zama ƙanƙara, don shi digiri 6 da rabi ya ishe shi daskarewa.

To amma kada ido ya ruɗe ku. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi, waɗanda ido ba ya gani, sun yi sahu, kowace ta kama gurbinta, sai dai kowace tana ta juyi a inda take, kamar katantanwar da muke murzawa muna yara. Shi ya sa in ka danna shi yake lotsawa kamar kakin zuma. Wani masani ɗan Beljiyam, Jean Timmermans, shi ya ware irin waɗannan daskararru a 1938. Sai an kai saikloheksen ɗin nan digiri 87 ƙasa da sifili sannan juyin ke tsayawa, sahun ya sake fasali gaba ɗaya. Abu ɗaya ne, tsari biyu.

Wanda ya fi kama min rai shi ne metan, iskar nan da ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Tana daskarewa a digiri 182 ƙasa da sifili, ƙwayoyinta na ta juyi. Ka ci gaba da sanyaya ta da ruwan hiliyam, iskar da aka mayar ruwa mai tsananin sanyi, har wajen 253 ƙasa da sifili, nan abin mamakin yake: cikin kowace ƙwaya takwas, shida su tsaya cak su fuskanci inda aka ɗora su, biyu kuwa su ƙi. Maƙwabtan da ke kewaye da su na jan su ta kowane ɓangare daidai wa daida, babu mai rinjaye, sai su ci gaba da wulwulawa. Wasu masana biyu, James da Keenan, sun lissafo haka da alƙalami tun 1959, sai a 1972 aka tabbatar ta hanyar harba wa daskararren niyutiron, wato wasu ƙananan ɓurɓushi na cikin ƙwayar zarra.

Wallahi duk ranar da na tuna waɗannan biyun sai tsigar jikina ta tashi.

Bari in juyo da kyamara. Wancan ginin, tsakanin kogin Isère da Drac, cibiyar Laue-Langevin ce, inda ake irin wannan awo. Gobe da asuba za mu sa namu samfurin a wata tukunyar sanyaya samfur mai launin ruwan lemo, kuma da ku zan shiga in Allah ya kai mu.