Nauyin yaro da karatunshi: abin da sikeli ke gaya mana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Akwai wani yaro da kowa ya sani, kowace lakkol ta Maradi akwai irinshi, yana zaune can bayan kalas a CE1 ko CE2, mushe na rubutu bisa allo shi kuma ya kifa kai bisa tebur, in anka tambaye shi sai ya yi zuru. A gida a ce daƙiƙi ne, a lakkol a ce rago ne. Amma ku dubi jikinshi da kyau, shekararshi 9 amma in ka gan shi sai ka rantse ɗan shekara 6 ne. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don sau da yawa matsalar ta faro tun kafin ya san hanyar lakkol.

Ƙwaƙwalwa ma'aikaciya ce mai ci da yawa. A jikin babba, cikin kashi 100 na ƙarfin da abinci ke badawa ita kaɗai tana cinye kusan 20, a jikin yaro ɗan shekara 5 kuwa abin ya haura kashi 40. Kuma ginin nata da wuri ake yi, jariri yana zuwa da kusan kwata na girman ƙwaƙwalwar babba, kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90. Shi ya sa ma'aikatan likita ke ta nanata kwana 1000 na farko, daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to nan ma haka ne.

Rama iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, yaro ya yi zawo ko masassara ko rumbu ya ƙare cikin damina, nan da nan ya zube, wannan ita ce tamowar da kowa ke gani da ido, wadda munka sha a 2005 har garin nan ya cika da cibiyoyin jinyar yara. Akwai kuma wadda ba ta da hayaniya, yaro yana yawo yana wasa amma ya tsumbure, tsawonshi bai kai na tsaranshi ba. Wannan ta biyun ita ce ta fi tsorata ni, don ba mai kai shi likita, sai a ce ai gajarta gadon gidansu ce. Kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 suna cikin wannan halin, kuma bincike a ƙasashe da yawa ya nuna irin waɗannan yaran sun fi makara shiga lakkol, sun fi maimaita aji, sun fi barin karatu da wuri.

Kuma fa cika ciki daban, gina jiki daban. Yaro zai sha fura ya ƙoshi, cikinshi ya yi tim, amma in kullum hatsi ne da ruwa ba wake ba ƙwai ba ganye, jininshi zai yi ƙasa. Sinadarin ƙarfe shi ke taimakon jini ya kai iska ga ƙwaƙwalwa, in ya yi ƙaranci yaro sai kasala da rashin natsuwa, ana magana hankalinshi na wani wuri. Shayin da muke ba su bayan abinci ma yana hana jiki tsotse wannan sinadarin. Ga kuma iyod na cikin gishiri, rashinshi ga mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗanta kai tsaye.

Bari in ba ku labarin wani bincike da ya burge ni. A ƙasar Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, anka zaɓi ƙauyuka 4, biyu ana ba yaransu wani kunu mai madara da kayan gina jiki, biyu ana ba su abin sha mai suga wanda ba madara ciki. Sai anka bi yaran nan har sunka girma. Matan da sunka sha kunun tun suna ƙanana sun ƙara fiye da aji ɗaya a karatu, mazan da sunka sha shi kafin shekara 2 kuɗin aikinsu ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. Kunu fa, jama'a.

To wanda ya riga ya tsumbure fa, shi ke nan tashi ta ƙare? A'a wallahi. A Jamaika, wajen 1986, anka ɗauki yara 129 da sunka tsumbure, wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya na zuwa gidansu sau ɗaya a sati har shekara 2, tana koya ma uwa ta yi wasa da yaron, ta yi mishi hira da waƙa, da kayan wasan da anka haɗa a gida. Bayan shekara 20 waɗannan yaran suna samun kuɗi fiye da waɗanda ba a yi ma haka ba da kashi 25 cikin 100. Wannan ba ya buƙatar ko dala, tatsuniyar kaka da hirar baba bisa tabarma duk suna ciki.

Yanzu ɗaya gefen. Mu nan in yaro ya yi ɓul-ɓul sai tubarkalla, ai yana cikin daula. Ga jariri mai shan nono ba laifi. Amma cikin gari an fara ganin ƴan lakkol masu ƙiba sosai, lemun kwalba da alawa da biskit da taliyar leda, a kai su bisa moto a maido su bisa moto, sannan waya har dare. Bincike ya gano yara masu ƙiba sosai, in an haɗa su jimla, suna ɗan yin ƙasa wajen riƙe abu a kai da maida hankali, sai dai bambancin ƙarami ne, kuma akwai abubuwan da ke tafiya tare da ƙibar. Mai ƙiba yakan yi minshari numfashi na yanke mishi cikin barci, ya tashi bai huta ba. Yana iya ƙiba kuma jininshi ƙasa, don suga ba ta ƙara jini. Sannan ga tsokanar yara, wanda ake ma dariya kullum ko ya san amsa ba zai ɗaga hannu ba. Don Allah kar a hana shi abinci, kar a kunyata shi gaban mutane, a rage zaƙi a gidan gaba ɗaya, a bar shi ya fita ƙwallo da langa.

Abin da za a ba su yana nan kasuwarmu. Wake, zogale, kuka, ƙuli-ƙuli a daka a zuba cikin kunu, nono, awara, ƙwai ko ɗaya ne, kifin Madarunfa in an samu hali. Jariri nonon uwa zalla wata 6 ko ruwa ba a ba shi, daga nan a fara kunu mai kauri ana ci gaba da nono. Ɗan lakkol kuma kar ya fita da safe ciki wayam, ko ɗumamen tuwo ne.

Akwai wata igiyar awon tamowa mai launi uku, ana ɗaura ta a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. In ta tsaya bisa kore, sama da milimita 125, alhamdulillahi. Tsakanin 115 da 125 rawaya ce, a kai shi a duba. Ƙasa da 115 ja ce, ranar nan za a kai shi likita, wato CSI, ba sai gobe ba. Ku danna bayan ƙafafunshi biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in wurin ya lotsa ya ƙi tashi kumburi ne na tamowa, ko da kuna ganin kamar ƙiba ya yi. Biskit ɗin gujiya da za su ba ku, Plumpy'Nut, magani ne na shi kaɗai, kar a raba ma yayyenshi, kar a kai shi kasuwa, kuma a koma awo ranar da anka ce.