Darasi: Yadda Ake Zaɓen Sabon Mariƙi ga Taga Mai Gilashi Biyu

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na cikin birnin Sakkwato da na kewaye, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau ya shafi tagogin nan masu gilashi biyu da ake sanyawa a ofisoshi da asibitoci da wasu sababbin gidaje, kuma za mu tsaya ne a kan abu guda daga cikin kayansu, wato mariƙin da ake kamawa a buɗe tagar ko a rufe ta. Ina roƙon magidanta, da masu kula da gine-gine, da matasan da ke koyon aikin alminiyam, su ba ni aron hankalinsu, domin wannan ɗan ƙarfe da ake rainawa shi ne yake sa taga mai tsada ta yi aikinta ko ta kasa.

Taga mai gilashi biyu, kamar yadda sunanta ya nuna, fallen gilashi biyu ne aka haɗa, aka bar rata a tsakaninsu, aka cika ratar da busasshiyar iska ko iskar argon, sannan aka liƙe gefunan. Wanda aka fi yi shi ne gilashi mai kaurin milimita 4, da rata ta milimita 16 ko 20, sai wani gilashin mai milimita 4. Amfaninta a ƙasa irin tamu a fili yake: a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana rage shigar zafi, tana riƙe sanyin da na'urar sanyaya ɗaki ta tara, tana kuma rage ƙarar titi. Amma duk wannan yana tabbata ne idan murfin tagar, wato ɓangaren da ke buɗewa, ya danne robar da ke zagaye da firam ɗin sosai, ba tare da ya bar kafa ba. Mariƙi shi ne yake jawo murfin ya danne wannan roba. Saboda haka idan aka sa wanda bai dace ba, tagar za ta rufu a ido, amma ƙurar hunturu za ta riƙa kwanciya a kan dakalin tagar kowace safiya, sanyin da ake biyan kuɗin wuta ko na man janareta dominsa kuma ya riƙa zurarewa.

Kafin ku je kasuwa, ku fara tabbatar da cewa mariƙin ne ya lalace, domin sau da yawa ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ku buɗe tagar gaba ɗaya, sannan ku juya mariƙin alhali tana buɗe. Idan ya juya lafiya lau a haka, amma ya cije idan an rufe, to, mariƙin ƙalau yake. Murfin ne ya sauko ko ya karkace, har haƙoran kullewa suka daina faɗawa gurbinsu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kilo 10 a kowace murabba'in mita, biyu kuwa kilo 20 ke nan, kuma hinji ne ke ɗauke da wannan nauyi shekara da shekaru. Idan kuwa mariƙin yana juyawa sakaka babu abin da ke motsi, sai ku kwance shi, ku sa bakin sukudireba mai faɗi a ramin nan mai kusurwa huɗu da za ku gani a inda kuka cire mariƙin, ku juya a hankali. In haƙoran da ke gefen murfin sun motsa, giyar ciki da ke tura su lafiyarta ƙalau, sabon mariƙi zai wadatar. In ba su motsa ba, giyar ce ta karye, kuma ko mariƙi goma kuka saya ba zai yi magani ba. Haka nan idan kun ga hazo ko raɓa a tsakanin gilasan biyu, wannan alama ce ta cewa liƙin gefen gilashin ya buɗe, ba ruwan mariƙi a ciki.

Akwai wani abu da ya keɓanta da yanayinmu wanda nake so ku riƙe. Firam ɗin roba mai tauri, wanda ake rubuta wa uPVC, yana kumbura da zafi fiye da na alminiyam kusan ninki uku. Tagar da ke bangon yamma, wadda rana ke duka tun bayan azahar har zuwa la'asar sakaliya, tana iya cijewa da yamma, ta kuma saki da asuba. Mutum ya zo rufe ta da yamma, ta ƙi, sai ya sa ƙarfi, kuma a nan ne mariƙi kan karye. Don haka ku gwada tagar da safe, ku sake gwada ta da yamma. Idan bambancin ya fito fili, a kira mai gyara ya daidaita gurbin haƙoran da hinjin tukuna, in ba haka ba sabon mariƙin ma zai bi sahun tsohon.

Yanzu sai mu zo ga ire-iren mariƙan. Na farko, wanda ya fi yawa a tagogin zamani masu buɗewa kamar ƙofa, shi ne mai sanda, wanda takardun kamfanoni ke kira espag. A bayansa akwai wata sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke shiga cikin murfin tagar, ta juya giya, giyar kuma ta tura haƙora biyu ko fiye su kama firam. Abin farin ciki game da wannan iri shi ne yawancin kamfanoni sun daidaita a kan awo guda: kaurin sandar milimita 7, tazarar da ke tsakanin tsakiyar ramukan sukuru biyu kuma milimita 43. Duk da haka ku auna naku, kada ku dogara da abin da na faɗa kawai, domin kayan da ake shigowa da su daga Sin da Turkiyya da sauran wurare ba duka ne ke bin wannan awo ba, musamman na alminiyam, inda wani maimakon sanda za ku tarar da harshe ne mai faɗi ko mai baki biyu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsawon sandar. Ana auna shi ne daga gindin mariƙin, wato fuskar da ke kwanciya a jikin taga, zuwa ƙarshen sandar, ba daga saman mariƙin ba. Akwai mai milimita 15, da 20, da 30, da 40, har da wanda ya fi haka. Idan sandar ta gaza, bakinta kaɗai zai kama giyar, za ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta cinye bakin ramin ta fara zamewa, kun ga an tashi daga ƙaramar ɓarna an koma babba. Idan kuma ta yi tsawo, gindin mariƙin ba zai zauna daram ba, zai riƙa lilo, kuma wanda ya ce zai tilasta shi da ɗaure sukuru yana iya fasa giyar. Shawarata ita ce, in ba ku sami daidai ba, ku ɗauki mai tsawo. Ku jera shi da tsohon, ku yi alama, ku yanke da zarton ƙarfe, sannan ku goge bakin da magagari har ya yi sumul. Idan tsohon mariƙin ya ɓace, ku zura siririyar waya a ramin har ta tokare, ku kama ta da farce daidai fuskar taga, ku zaro ku auna da rula, sannan ku rage milimita ɗaya ko biyu don kada sandar ta tokari ƙarshen ramin.

A cikin masu sandar ma akwai miƙaƙƙe, akwai mai gwiwa. Miƙaƙƙen yana juyawa dama da hagu, saboda haka yana shiga kowace taga. Mai gwiwa kuwa an lanƙwasa shi ne don ya ba yatsu wuri kada su gogi firam, kuma shi yana da na dama da na hagu. Yadda aka saba ganewa shi ne, ku tsaya a cikin ɗaki kuna fuskantar tagar: idan wajen buɗewa yana bin juyin hannun agogo, na hagu ne, idan ya saba wa juyin agogo, na dama ne. Wanda yake shakka ya sayi miƙaƙƙe, matuƙar akwai sararin da hannu zai shiga.

Iri na biyu shi ne mai hanci, wanda ake samu a tsofaffin tagogi da wasu na alminiyam. Shi ba shi da sanda ko giya; wani hanci ne ke fitowa daga gefensa ya hau kan ɗan tudun roba da ke jikin firam, ya jawo murfin ya matse. A nan awon da ke da muhimmanci shi ne tsayin hancin, wato ratar da ke tsakanin gindin mariƙin da ƙasan hancin. An fi samun milimita 9, da 13, da 17, da 21. Na alminiyam sun fi zuwa da 9, na roba mai tauri kuma da 21. Idan tsayin ya yi yawa, tagar za ta riƙa kaɗawa idan iskar damina ta taso, idan ya gaza kuma hancin ba zai hau ba sam. Wani lokaci ma mariƙin bai yi komai ba, ɗan tudun robar ne rana ta busar ya tsage, ko ya siɗe saboda guga, kuma sauya shi kaɗai ya isa. Wannan iri ma yana da na dama da na hagu.

Na uku shi ne na tagar da ke buɗewa iri biyu zuwa cikin ɗaki. A yadda aka fi yin ta, idan mariƙin na kallon ƙasa tana kulle, idan ya kwanta tana buɗewa kamar ƙofa, idan ya kalli sama kuma samanta ne kawai ke kishingiɗowa don iska ta shiga. Sandarsa da ramukansa sukan yi daidai da na mai sanda, shi ya sa ake ruɗuwa, amma shi dole ne ya iya yin rabin zagaye cikakke, alhali na farkon kwata kawai yake yi. Masu tagogin turawa gefe kuwa, nasu ƙugiya ce ko sakata mai siffar jinjirin wata, kuma abin da za su auna shi ne tsawo da faɗin gurbin da aka fafe a jikin firam, da tazarar sukuru.

Dangane da ingancin ƙarfe, yawancin mariƙai ana zuba su ne da gaurayen tutiya ko alminiyam, a shafa musu fenti. Ku ɗauka a hannu ku ji nauyinsa, ku juya shi ku ji ko yana tsayawa da ɗan ƙas a kowane matsayi, ku kama sandar ku girgiza ku ga ko tana wasa a gindinta. Ku juya bayansa ku duba: idan ƙarfen siriri ne mai ramuka-ramuka kamar an sossoke da allura, ku ajiye shi, araha ba ta ado. Mai yawan roba a jiki ba ya jure ranarmu, yakan yi rawaya ya bushe ya fashe. Baƙin mariƙi yana da kyan gani, amma a tagar da rana ke bugu yana ɗaukar zafi fiye da fari ko mai launin azurfa.

Sai batun makulli, wanda nake so iyaye su saurara da kyau. Mariƙi mai makulli yana da amfani a bene, inda ake tsoron yaro ya buɗe taga ya leƙa. Amma gidajenmu da yawa suna da ƙarfen tsaro a tagogi, ga kuma wayoyin wuta da tukunyar gas, kuma idan gobara ta tashi cikin dare babu wanda ke da natsuwar laluben ɗan makulli a duhu. Idan akwai tagar da aka tanada don fita a lokacin haɗari, ni a ganina kada a sa mata mai makulli. A sa mata mai maɓallin dannawa. Inda kuma aka sa mai makulli, a rataye makullin kusa da tagar, a inda babba zai kai, yaro ba zai kai ba, kuma kowane babba a gidan ya san wurin.

Idan za ku fita saye, ko a nan kasuwar Sakkwato, ko za ku aika Ƙofar Ruwa a Kano inda ake hada-hadar kayan gini, ku tafi da tsohon mariƙin da sukurorinsa a leda. Idan aike ne, ku ɗauki hotonsa gaba da baya, da rula a kwance kusa da sandar yadda lambobin za su fito, domin bayani ta waya yana jawo a kawo abin da ba shi ba. Ku nemi sharaɗin mayarwa idan bai shiga ba, kuma idan tagogin gidan iri ɗaya ne, ku ƙara guda ɗaya ko biyu ku ajiye, domin samfurin da ke kasuwa bana ba lallai ne a same shi baɗi ba.

Ɗaurawar ba ta da wuya. Ku buɗe tagar, ku bar mariƙin a matsayin buɗe, za ku ga sukuru ɗaya ya bayyana, ɗayan kuma yana ƙarƙashin wani ɗan murfin roba da ake ɓamɓarewa da bakin wuƙa. Ku kwance su, ku zaro mariƙin a miƙe, ku share ƙurar da ke ramin da busasshen buroshi. Ku sa sabon a matsayin da kuka cire tsohon, ku kama sukurorin biyu sama-sama tukuna, sannan ku ɗaure su bi da bi da sukudireba ta hannu, ba da injin ba, domin inji yana cinye zaren sukuru cikin ƙiftawar ido. Sabon sukuru kada ya wuce tsohon tsawo. Ku gwada juyawa sau da yawa alhali tagar na buɗe, kada ku rufe sai kun tabbata haƙoran na shiga suna fita, domin taga da ta kulle da mariƙin da bai kama ba aiki ce babba. Wajen shafa mai kuma, ku guji giris mai kauri da baƙin mai, saboda suna kama ƙura su zama laka. Ɗigon mai marar kauri ko feshin silikon ya wadatar, kafin hunturu da bayansa.

Gwaji na ƙarshe shi ne na takarda. Ku sa fallen takarda tsakanin murfi da firam, ku rufe ku kulle, sannan ku ja. Idan ta riƙe, matsewar ta yi. Idan ta zare salin-alin, akwai kafa a wurin. Ku yi haka a sama da ƙasa da gefen mariƙi da gefen hinji, kuma duk inda ta zare, a daidaita gurbin haƙorin da ke kusa ko a sauya robar wurin. A nan za mu dakata a darasin yau. Na gode da sauraro, wassalamu alaikum.