Zama ɗan jiha a Amurka: yadda ɗalibin digiri na biyu ko na uku ke rage wa kansa kuɗin makaranta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

A Jami'ar Kalifoniya za ka tarar da ɗalibai biyu a aji ɗaya, malaminsu ɗaya, ɗakin bincikensu ɗaya, amma kuɗin da ake bin ɗaya ya ɗara na ɗayan da dala 15,102 a shekara. Wannan shi ne ƙarin da jami'ar ta ɗora wa ɗalibin digiri na biyu ko na uku wanda ba mazaunin jihar ba a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuma ya daɗe a kan wannan adadi. Bidiyon yau a kan yadda mutum ke fita daga wannan layi ya koma layin 'yan jiha ne, da kuma wanda doka ba ta ba shi wannan dama ba sam.

Jami'o'in gwamnati a Amurka na jihohi ne. Da harajin mutanen jiha aka gina su, da shi ake tallafa musu, shi ya sa ɗan jiha ke biyan kaɗan, baƙo ya biya da yawa, ko da baƙon Ba'amurke ne daga jihar da ke makwabtaka. Jami'o'i masu zaman kansu irin su Stanford da Harvard ba ruwansu da wannan, kuɗinsu ɗaya ne ga kowa. Wanda ya yi karatu a jami'ar jiha a Najeriya ya san irin wannan bambanci, sai dai a can takardar shaidar asali ake tambaya, ana bin garin uba da kaka. A Amurka ba a tambayar inda aka binne cibiyarka. Abin da ake dubawa shi ne ina kake zaune, tun yaushe, kuma me ya nuna cewa nan ka mayar gida.

To, kafin komai, duba takardar da ka shiga ƙasar da ita. Idan da bizar ɗalibi ta F-1 ko J-1 ka shiga, wannan ƙofa a rufe take gare ka, ko shekara bakwai za ka yi a garin. Dalili a bayyane yake: ranar da ka tsaya gaban jami'in biza, ka shaida masa cewa kana da gida a ƙasarka kuma can za ka koma bayan karatu. Ba za ka riƙe wannan magana a hannun dama, ka kuma ce wa jami'a ka tare a jiharta har abada ba. Na san wannan zai sosa ran da yawa daga masu kallonmu, domin yawancin 'yan'uwanmu da ke tafiya karatu daga Kano ko Zariya ko Yamai da wannan biza suke tafiya. Amma akwai wasu hanyoyin. A Teksas, ɗalibin da jami'a ta ɗauka aikin taimaka wa malami wajen koyarwa ko bincike na awa 20 a mako, a fannin da yake karanta, ana cajinsa kuɗin 'yan jiha ko daga ina ya fito. Haka wanda ya ci tallafin karatu na gasa da ya kai dala 1,000 yana iya samun wannan rangwame. A Jami'ar Kalifoniya kuwa, ɗalibin digiri na uku da ya tsallake jarrabawar da ke ba shi izinin shiga aikin kundin bincikensa, ana ɗauke masa wancan ƙari har tsawon shekara uku.

Waɗanda ƙofar ke buɗe musu su ne 'yan ƙasa, da masu katin zama na dindindin, wato girin-kad, da waɗanda aka ba mafaka, da masu wasu bizojin aiki. A nan akwai wasu yaranmu da nake so iyayensu su saurara da kyau: waɗanda aka haifa a Amurka, aka dawo da su gida suka girma a Kaduna ko Abuja. Fasfo ɗinsu na Amurka ne, gaskiya, amma babu jihar da ta san da zamansu. Ranar da irin wannan yaro ya sauka, a idon jami'a baƙo ne, kuma sai ya bi duk matakan da za mu lissafa. Haka ɗan'uwanmu da ya shekara goma a Bronx ta birnin New York, in ya samu gurbi a Kalifoniya, daga sifili zai fara.

Bari mu ɗauki gari guda mu bi shi daki-daki. Davis ƙaramin gari ne a arewacin Kalifoniya, tafiyar kamar minti ashirin a mota daga Sacramento, babban birnin jihar. Mutanensa ba su kai 70,000 ba, kuma kusan komai na garin a jikin reshen Jami'ar Kalifoniya da ke can yake rataye. Gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari, kowa a kan keke, tun daga farfesa har mai shara. Tun 1967 suka ware wa kekuna hanyarsu a gefen titi. Motocin safa na garin ɗalibai ne ke tuƙa su, har da wasu jajaye masu hawa biyu da aka kawo daga Landan. Masallacin garin yana kan titin Russell, yana kallon harabar jami'a, don haka daga aji kana iya takawa zuwa Juma'a. Wahalar Davis ita ce gida. Ɗakunan haya ba su wadata ba, yawancin yarjejeniyar haya a farkon Satumba take farawa ta shekara guda, kuma ɗalibai kan kama nasu tun watanni kafin lokacin.

Wannan yarjejeniyar haya ita ce takardarka ta farko, don haka ka tabbata sunanka na cikinta. Na nanata wannan ne saboda ɗabi'armu ta sauka a wurin ɗan'uwa. Ka sauka a falon wani ɗan garinku, ya karɓe ka hannu bibbiyu, ka yi wata uku kana cin tuwon gidansa, Allah Ya saka masa da alheri. Amma a takarda, wata ukun nan babu kai a Kalifoniya.

Ƙa'idar jami'ar ita ce sai ka cika kwana 366 kana cikin jihar kafin ranar da za a fara darasi a zangon da kake neman rangwamen. Shekara guda da kwana guda ke nan. A Davis ana fara zangon kaka a ƙarshen Satumba, a reshen jami'ar da ke garin Berkeley kuwa tun ƙarshen Agusta. Idan ka makara ka sauka bayan an fara darasi, baɗi war haka lissafinka ba zai cika ba, sai ka sake biyan kuɗin baƙo na wani zangon saboda 'yan kwanaki. Saboda haka ka iso da wuri, kuma ka adana shaidar isowarka: tikitin jirgi, rasit ɗin shagon da ka sayi katifa da tukunya, takardar banki mai nuna ka ciri kuɗi a cikin garin. Ka samu jaka guda ka riƙa zuba su. Bayan wata goma sha biyu wani ma'aikaci da bai taɓa ganinka ba zai zauna da waɗannan takardu, kuma da su kaɗai zai san ka.

Zama kawai bai isa ba. Sai ka nuna niyya, ita kuwa niyya a wurinsu aiki ne da ake gani da kwanan wata a jiki. Dokar Kalifoniya ta ba sabon mazauni kwana 10 ya nemi lasisin tuƙi na jihar in zai yi tuƙi, da kwana 20 ya yi wa motarsa rajista in ya zo da ita daga wata jiha. Wanda ba ya tuƙi, kamar yawancin ɗaliban Davis, sai ya je ofishin lasisi, wanda suke kira DMV, ya karɓi katin shaida na jihar. Tsohon lasisin New York ko na Ohio kuma a rabu da shi. Ka sauya adireshinka a banki, a wurin inshora, a ofishin jami'a. Mai girin-kad yana da ƙarin wajibi: dokar tarayya ta ce ya sanar da hukumar shige da fice sabon adireshinsa cikin kwana 10, a fom mai suna AR-11.

Ga wani wuri da nake roƙon ku kasa kunne sosai. A jerin abubuwan da jami'o'i ke bugawa na nuna niyya, za ka ga an rubuta rajistar zaɓe. Wannan na ɗan ƙasa ne kawai. Mai girin-kad da ya yi rajistar zaɓe, ko ya sa hannu a inda aka ce shi ɗan ƙasa ne, ya jefa kansa cikin laifin da zai iya hana shi zama ɗan ƙasa nan gaba, har ya kai ga a kore shi. Kuma a ofishin lasisin ne ake yi maka tambayar, a tsakiyar cike fom, lokacin da ka gaji da layi kana so ka gama ka tafi. Ka karanta kowane layi. Jami'a ba za ta riƙe ka da rashin katin zaɓe ba in ba ka cancanci yin zaɓen ba.

Sai haraji. Kafin 15 ga Afrilu za ka cike na tarayya da na jiha. Wanda ya shigo a watan Satumba, a fom 540NR zai nuna cewa daga ranar kaza ya zama mazaunin Kalifoniya, shekara mai zuwa kuma ya koma fom 540 na cikakken mazauni. Idan ka bar wani mai cike haraji a tsohuwar jiharka ya rubuta ka a matsayin mazaunin can na shekarar gaba ɗaya, da hannunka ka ƙaryata kanka.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne hutu. Jami'ar Kalifoniya tana ɗaukar cewa wanda ya bar jihar fiye da mako shida, in aka haɗa duk fitarsa a cikin waccan shekara, bai tare da gaske ba. Yanzu lissafa. A Disamba ka leƙa 'yan'uwa a wata jiha mako biyu. Watan Yuni ya zo, an rufe makaranta, garin ya yi tsit, zafi ya kusa maki 40, ga Hajiya tana waya tana cewa shekara guda ba ta sa ka a ido ba, ga bikin ƙanwarka an sa rana. Tikitin gida kuwa da tsada, ba wanda ke son ya biya shi don kwana goma. Ka je ka yi wata biyu, ka dawo ka tarar shekararka ta rushe. Ba na cewa kada a je gida, zumunci ba abin wasa ba ne. Amma a wannan shekara ta farko a je a gaggauce, a yi wa iyaye bayanin dalili, dogon hutun a bar shi sai baɗi. Idan kuma bincikenka ne ya wajabta fita, ka je wurin jami'in da ke kula da wannan sha'ani a ofishin rajistara tun kafin ka tafi, ka nemi amsarsa a rubuce.

Duk wannan da na faɗa na Kalifoniya ne, kuma tana cikin jihohi masu sauƙi ga ɗaliban gaba da digirin farko, domin shekarar da kake karatu tana shiga lissafi. Wasu jihohin ba haka ba ne. A Wiskonsin doka ta ɗauka cewa wanda karatu ne ya kawo shi, baƙo ne, kuma wata goma sha biyun ana son su cika ne kafin ya shiga makaranta. A Ann Arbor, Jami'ar Mishigan ta shahara da tsauri: haya, lasisi da katin zaɓe ba sa wadatarwa, abin da ke da nauyi shi ne irin cikakken aiki na dindindin a jihar. A Teksas ana neman wata goma sha biyu tare da aikin yi na gaske, ko mallakar gida, ko kasuwanci, ko auren mazaunin jihar, kuma aikin ɗalibi na cikin jami'a ba ya shiga wannan lissafi. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa shiga maganar. A 1971 ta bar wa Minnesota sharaɗinta na jiran shekara guda, a 1973 kuma ta soke dokar Connecticut da ke ɗaure ɗalibi a matsayin baƙo har ya gama karatu ba tare da an ba shi damar kawo hujja ba. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu kowace jiha ke shata nata layin.

Idan shekara ta zagayo, ba a sauya maka matsayi haka kawai. Kai za ka shigar da buƙata kafin wa'adin da ofishin rajistara ya sa, ka haɗa da kwafin duk abin da ke cikin jakar nan. In an ƙi, a Jami'ar Kalifoniya kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara. Kada ka kuskura ka gyara kwanan wata ko ka ɓoye wata tafiya, domin in aka gano za a bi ka duk kuɗin baya, ga kuma hukuncin makaranta.

Wanda kuma yanzu yake riƙe da takardar gurbi bai amsa ba tukuna: yawancin jami'o'in Amurka sun amince su ba ɗalibin da aka yi wa tayin tallafi har zuwa 15 ga Afrilu ya yanke shawara. Kafin ranar, ka rubuta wa sashen da ya ɗauke ka tambayoyi biyu. Wa zai biya ƙarin kuɗin baƙo a shekarar farko? In kuma shekara ta biyu ta zo ban zama ɗan jiha ba, ko bizata ba ta ba ni damar zama ba, wa zai biya? Sassa da yawa a Kalifoniya shekarar farko kawai suke ɗauka ga wanda ke da damar zama ɗan jiha, daga nan nauyin ya dawo kansa. Ka karɓi amsar a rubuce, ita ma ka sa ta a jaka.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a huta lafiya.