Ƙafa, Ka da Fanke: Dokar Taɓa Ƙwallo a Ƙwallon Raga na Jami'o'in Amurka

Dubi samarin nan. Sun yi da'ira, hannaye a baya, suna ta ɗaga ƙwallo da ƙafa, da gwiwa, da ka. Wanda ta kuɓuce wa, a yi masa ihu. 'Yan ƙwallon raga ne na jami'a a Amurka, kuma kocinsu na gefe bai hana ba.

Dalili kuwa, doka ta yarda. Ƙwallo na iya taɓa kowane sashe na jiki, har tafin ƙafa. Abin da alƙalin wasa ke sa wa ido shi ne: ta yi tsalle ta bar jikinka nan take, ko ta ɗan kwanta? In ta kwanta a hannu ka tura ta, ya zama kamawa da jifa, sai ka ji usur, maki ya tafi.

Kowane ɓangare taɓawa uku gare shi kafin ƙwallo ta haye raga, wadda tsayinta ga maza mita 2.43 ne. Tarewar da ake yi a bakin raga ba ta cikin lissafi, shi ya sa wanda ya tare zai iya sake taɓawa. Ban da wannan, mutum ɗaya ba ya buga ta sau biyu a jere.

Sai dai akwai sassauci a taɓawar farko. In an narko ƙwallo ta daki hannunka, ta zarce ƙirji, duk a motsi ɗaya, babu laifi. Ai ba ka da lokacin shiri.

Yanzu kalli wannan a hankali. Ƙwallo saura ƙiris ta faɗi. Ɗan wasa ya yi sufa, ya shimfiɗa tafin hannu a daɓe, ta sauka a bayan hannun ta tashi. Da Turancinsu pancake, wato fanke, suke ce wa wannan salo, saboda hannun ya baje. Nan ake yawan musu, don ido kan kasa rabewa ko hannu ta taɓa ko ƙasa.

Gasar maza ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta fara ne a 1970, kuma jami'ar UCLA da ke Los Angeles ta fi kowa ɗaukar kofin. A irin wannan mataki, ƙwallon da aka sara daga sama ba ta jira ka haɗa hannu. A ganina, nan wasan da'irar nan ke biyan kuɗin sabulu: ƙafar da ta saba da ƙwallo a atisaye, da kanta take miƙewa ranar gasa.

Wuri ɗaya ne ƙafa ba ta da hurumi, wato bugun fara wasa. Wannan sai da hannu, daga bayan layin ƙarshe.